Burodin Kwamanda

Kwamanda bai taɓa yin soja ba. Gyaran fanka da dutsen guga yake yi a wani ɗan shago da ke manne da na mai aski. Abin da ya haɗa shi da soja bai wuce ranar da ya je wurin ɗaukar kurata yana saurayi ba, aka ce a zagaye fili da gudu, ya zagaya rabi ya nemi inuwa. Amma in ka ji shi yana ba da labari, sai ka rantse shi ya koya wa janar-janar ɗaura takalmi.

"Sun ga na fi ƙarfin ƙaramin muƙami," haka yake cewa, "babban kuma akwai mai shi a kai. Shi ya sa muka rabu da mutunci."

Daga nan sunan ya bi shi. Har matarsa, Malama, wadda ke koyarwa a firamaren ƙarshen layi, in ya ƙure ta da sunan take kiransa.

Wata safiya ya ji ana gwanjon tsofaffin kayan soja a bayan gari, ya rufe shago ya ce zai je ya duba yaransa sojoji. Yana tsaye cikin taro sai wani hafsa ya zo wucewa. Kwamanda ya ƙame, ya ɗaga hannu ya sara masa. Hafsan ko kallonsa bai yi ba, amma mai gwanjo ya gan shi sarai. Ya buga guduma ya ce, "An sayar wa mai hular can!"

Da wani ne, da ya ce kuskure aka yi. Kwamanda ya waiwaya ya ga idanu a kansa, sai ya gyara hula ya ce, "Dama ita na zo ɗauka."

'Yar tirela ce mai ƙafa biyu, irin wadda ake maƙala wa mota a baya. Tsatsa ta cinye ta har ba a gane launinta na asali. A kanta akwai ƙaramin inji, da tanki biyu, da wani akwatin ƙarfe mai murfi, da ƙaton bututu mai faɗin baki da ya miƙe ta baya. Taya ɗaya ta fashe, ɗayar kuma babu ita sam.

Ya kira ƙanin Malama, bakanike ne mai akori-kura, suka ɗaure ta da igiya suka jawo ta tana kuka a kan kwalta kamar ana yankan ƙarfe. Da suka iso gidan hayar da suke zaune, bakanike ya leƙo ta taga, ya dubi ƙofa, ya dubi tirela.

"Yaya, ba za ta shiga ba."

"Za ta shiga. Idona ma'auni ne."

"Bari in ɗauko tef mu auna."

"A fagen fama wa ke jiran tef? Taho! Taho! Kaɗan hagu! Taho da ƙarfi!"

Bakanike ya taho da ƙarfi. Tirela ta shiga, ginshiƙin ƙofa ya biyo ta a baya ya kwanta a tsakar gida.

Iya mai gidan, tsohuwar da ke ɗakin gaba, ta fito da carbi a hannu da takalmi ƙafa ɗaya.

"Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Iya. Tarihi ne ya shigo gidanki."

"To tarihin ne zai gina min ginshiƙina, ɗan nan?"

"In na gama da ita, Iya, mutane za su riƙa zuwa daga nesa su ɗauki hoto a ƙofar nan."

"Wace ƙofar?" in ji Iya.

Malama ta dawo daga makaranta da littattafan yara a hannu, ta tsallake buraguzan ginshiƙi, ta tsaya ta daɗe tana kallon abin da ya tare igiyar shanyarta.

"Baban yara, mene ne wannan?"

"Sirrin soja ne."

"Wato ba ka sani ba."

"Na sani. Ba kowa ake gaya wa ba."

Kafin la'asar maƙwabta sun cika gidan, tunda yanzu ba ƙofar da za ta hana su. Mai aski ya zagaya tirelar ya ce injin feshin sauro ne. Mai walda ya ƙwanƙwasa tanki ya ce janareto ne da ya haɗu da haɗari. Tela ya ce shi ya taɓa ganin irinta ana dafa kwalta. Kwamanda ya bar su suka gama, ya yi murmushin tausayi.

"Farar hula ke nan. Igwa ce."

"Igwa da tankin fetur?" in ji mai walda.

"Ta zamani ce. Ku zo ku gani, a cikin bututun nan akwai zanen da ke juya harsashi."

Ya ɗora ƙafa a kan ƙarfe, ya cusa fuskarsa cikin bututun har kunnuwa. Ashe rina sun daɗe da kama haya a ciki. Abin da maƙwabta suka gani shi ne Kwamanda ya yi tsalle baya, ya bi ta kan tela, ya zagaye tsakar gida yana marin kansa, ya ƙare a cikin bahon wankin Malama.

"Lallai igwa ce," in ji mai aski daga bayan ƙyaure. "Ga harsasan nan sun fito."

Washegari ya fito da ido ɗaya a rufe, leɓe kamar an hura shi da famfo. Ya tara mutanen jiya ya ce musu gwada su ya yi, yana so ya ga ko akwai mai ido a cikinsu. Ya buɗe akwatin ƙarfen nan, ya nuna wasu 'yan kantoci biyu na jera kaya a ciki.

"Tanderu ne. Tanderun gasa burodi na fagen fama. Daga irin wannan janar ke cin burodi da zafinsa ana ruwan harsashi. Nan ake zuba fetur. Wannan tankin na man girki ne. Nan ake jera ƙullu. Bututun kuma ta nan ƙamshi ke fita, domin ya ƙarfafa wa sojoji gwiwa."

"Wa ya gaya maka?" in ji tela.

"A rubuce yake." Ya tofa yawu a yatsa ya goge wani ɗan faranti da aka liƙa a jikin tirelar, wanda tsatsa ta cinye rubutunsa sai alama guda. "Ga shi nan. B. Burodi."

Mai aski ya sunkuya ya ƙura ido. "Kwamanda, wannan ai takwas ce."

"A rubutun soja haka ake yin B. Don kada abokan gaba su karanta."

Aka fara gyara. Ya ce goge tsatsa da burushi aikin yara ne, shi da ruwan batir zai wanke ta. Ya samo galan guda, ya yi ta watsawa yana waƙar maci. Tsatsa ta ɗan fita. Da yamma ya tafi shago yana taƙama, yana tafe wandonsa yana zubewa gunduwa-gunduwa a bayansa, bai sani ba sai da mai aski ya fito da gudu ya ɗaura masa ƙyallen aski a ƙugu. A gida kuma Malama ta kwashe shanyarta ta tarar zannuwan gadonta sun zama raga.

Sai fenti. Ya ce launin ɓad-da-kama zai yi mata, kore da ruwan ƙasa da baƙi, yadda ko jirgin sama ba zai gan ta ba. Ya bar gwangwanayen a buɗe ya tafi cin abinci. Kajin Iya suka zo duba aiki. Da Iya ta fito ba su hatsi ta tarar da kaji masu launin soja suna yawo, zakaran kuma ya ƙi yarda da su, ya hau katanga yana kallonsu da ido ɗaya.

"Ɗan nan! Me ka yi wa kajina?"

"Iya, ki gode min. Shaho ba zai sake ganinsu ba."

"Ni ma ba na ganinsu!"

Taya kuwa, ya samo ɗaya ta ƙaramar mota, ɗaya ta tarakta. Tirela ta karkace gefe guda kamar mai ciwon ƙugu. Ya ce da gangan aka yi, don a yi ta kan tudu.

Inji ne kawai bai taɓa ba, domin bakanike ya hana shi. Shi bakanike mutum ne da ba ya iya ganin inji a mace ya wuce. Ya riƙa zuwa bayan ya tashi daga gareji, ya kwance, ya wanke, ya canja fulogi da tiyo, har wata yamma ya ja igiya injin ya yi tari, ya yi atishawa, ya kama ruri. Iska mai zafi ta riƙa fita ta bututu.

"Na tada shi, Yaya," in ji bakanike yana goge hannu, "amma wallahi ban san aikin da yake yi ba. Zafin nan duk bututu yake bi, ba ya shiga akwatin. Kuma tankin da ka ce na man girki ne, tiyonsa cikin bututun ya nufa. Mu zuba mai kaɗan mu gwada mana."

"Gwaji na masu shakka ne."

"Ko cokali guda."

"Kai injin ka sani, ni na san yaƙi. Kowa ya tsaya a matsayinsa."

Ana cikin haka Iya ta yanke hukunci. Ta tsaya a bakin ƙofar da babu, ta ce kafin wata ya mutu ko tirela ta bar gidan, ko tirela da masu ita su bar shi tare. Kwamanda ya ga lokaci ya yi da duniya za ta san abin da yake da shi. In mutane suka ɗanɗana burodin janar sau ɗaya, a ganinsa, masu kuɗi za su yi layi suna roƙon ya kawo tanderun ƙofar gidajensu, Iya kuma ta zo tana ba shi haƙuri.

Bai gaya wa Malama ba ya wuce ofishin Hedimasta. Makarantar na shirin bikin raba kyaututtuka na ƙarshen shekara, iyaye za su zo, babban jami'in ilimi ma zai zo. Hedimasta kuwa ya kwana biyu yana tunanin abin da zai ba baƙi su ci. Da ya ji an ce burodi mai zafi ga kowa, kyauta, daga tanderun tarihi, sai ya miƙe ya riƙe hannun Kwamanda da hannu biyu.

Malama a taron malamai ta ji labari. Ta dawo gida ko jaka ba ta ajiye ba.

"Kwamanda."

Da ya ji sunan a bakinta ya san ba lafiya.

"Ka san a ranar nan za a sanar da ni mataimakiyar Hedimasta? A gaban jami'in ilimi? Abin da na daɗe ina jira?"

"Shi ya sa na zaɓi ranar. Ke muƙami, ni burodi. Gida ɗaya, nasara biyu."

"Ka taɓa gasa burodi?"

"Na taɓa ci. Mene ne a ciki? Fulawa ce da ruwa da ƙarfin hali."

"Ranar nan guda ɗaya nake roƙonka. Ka zo, ka zauna a kujera, ka yi tafi, ka koma gida. Ko tafin ma in zai yi maka wuya na yafe."

"Malama, wata rana za ki ba jikokinmu labarin nan."

"Abin da nake tsoro ke nan."

Ranar biki ya tashi da wuri ya kwaɓa ƙullu a babban bahon Malama. Mai kanti ya ce masa yis kaɗan ake sawa, shi kuma ya ce burodin soja ba ya tashi da kaɗan, ya juye fakitin duka, ya ƙara wani. Ya sa kakin da tela ya ɗinka masa, ya jera wa ƙirjinsa lambobin yabo, waɗanda in ka matso za ka ga tambarin tsofaffin fankoki ne. Ya kuma ɗauko wata ƙatuwar fankar tsaye da wani ya kawo gyara, ya ce da ita za a huce burodi. Fitar da tirela ba ta yi wuya ba, ƙofa ta riga ta faɗaɗa.

Filin makaranta ya cika. An kafa rumfa, manyan baƙi suna kan dogon tebur mai farin ƙyalle, yara a jere a kan benci, iyaye a baya. Mai aski da mai walda da tela sun samu kujerun gaba tun da sassafe, sun ce ko za a rufe shagunansu har abada ba za su rasa wannan ba. Iya ma ta zo, ta ce tana so ta ga abin da ya ci mata ginshiƙi.

Aka ajiye tirela a gefen rumfa, bututunta yana kallon taro. Kwamanda ya cusa ƙullu cikin akwatin ya danne murfi da gwiwa, ya tuttula galan na man girki a tanki, ya jona fanka da wayar lasifika. Yara suna ta leƙe suna haɗiyar yawu, an riga an gaya musu kowa zai samu nasa da zafi.

Jami'in ilimi ya miƙe, mutum ne mai tumbi da farar riga da son dogon jawabi. Ya yi magana a kan tarbiyya, ya yi a kan tsafta, ya yi a kan ƙuruciyarsa. Can ya ɗauko wata takarda mai kyau ya ce, "Yanzu kuma, ina farin cikin sanar da malamar da ta cancanci zama mataimakiyar shugaban wannan makaranta."

Malama ta gyara zama. A daidai nan Kwamanda ya ga ya dace burodi ya fito tare da tafi. Ya ja igiya, inji ya kama ruri, ya murɗe famfon tankin mai har ƙarshe.

Da farko wani ɗan farin abu ne ya fito daga bututu, siriri, kamar tururin shayi.

"Ƙamshi ne ke tafe!" Kwamanda ya yi ihu. "Kowa ya buɗe hanci!"

Sai bututun ya yi wata irin gyatsa. Farin hayaƙi ya fito dunƙule-dunƙule kamar ana kwance katifun auduga, ya haɗiye benci na farko, ya haɗiye na biyu, ya hau dogon tebur. Kafin jami'in ilimi ya kai ƙarshen sunan Malama, shi da takardar da lasifikar duk sun ɓace. Ba wuta, ba zafi, sai fari fat ko'ina da warin suya. In ka miƙa hannu ba ka ganin yatsunka.

Muryoyi kawai ake ji.

"Kowa ya zauna inda yake!" Hedimasta ke nan.

"Malam, ka taka min ƙafa!"

"Wa ya riƙe min riga?"

"Ni ce, Iya. Kai wane ne?"

"Ɗan nan, ina kake? Fito in gan ka!"

Yara kuwa sun ga abin da ya fi burodi. Suka watse cikin farin suna wasan ɓuya, suna shewa, duk wanda suka ci karo da shi su ce sun kama shi. Jami'in ilimi bai yarda hayaƙi ya katse masa aiki ba. Ya laluba, ya kamo hannun da ya fi kusa, ya girgiza shi da kyau, ya danƙa masa takarda ya ce, "Ina taya ki murna, Malama. Ki riƙe amana."

"Na gode, ranka ya daɗe," in ji muryar mai aski.

Kwamanda yana can yana laluben famfo. Ya kamo wani abu ya murɗa, inji ya ƙara ruri, hayaƙi ya ninka. Ya tuna da fanka. "Kada kowa ya tsorata! Ina da dabara!" Ya lalubo ta ya danna. Fankar kuwa shi ya gyara ta da hannunsa, don haka baya take juyawa. Maimakon ta kore hayaƙin daga rumfa, sai ta riƙa zuƙo wanda ya tsere tana maido shi kan manyan baƙi.

Hayaƙin da ya fi ƙarfin fanka ya tsallake katanga ya sauka a titi. Motoci suka tsaya cak suna ta oda. Wani mai keke ya shiga ta gefe guda, ya fito ta ɗaya gefen ba keken. Masu shaguna suka ga makaranta ta ɓace gaba ɗaya, suka kira 'yan kwana-kwana.

Motar kashe gobara ta iso da jiniya. Ba su ga wuta ba, ba su ga makaranta ba, sai suka saita tiyo inda suka fi jin hayaniya suka saki ruwa. Inda aka fi hayaniya kuwa dogon tebur ne.

Bakanike ne ya yi rarrafe yana bin ƙarar inji, ya ci karo da benci, ya ci karo da Hedimasta, har ya kai ga tirela ya fizge wayar fulogi. Inji ya yi shiru. Iska ta fara ɗauke hayaƙin a hankali, mutane suka fara bayyana ɗaya bayan ɗaya.

Hedimasta yana rungume da sandar rumfa. Tela yana ƙarƙashin tebur tare da matar jami'in ilimi, kowa yana ba ɗan'uwansa haƙuri. Jami'in ilimi yana tsaye jiƙe sharkaf, farar rigarsa ta manne da tumbi, yana riƙe da lasifikar da ba waya. Mai aski yana zaune a kujerar manyan baƙi da takardar muƙami a cinya. Iya ta riƙe kwalar wani ɗan kwana-kwana tana zaton Kwamanda ne.

Kwamanda shi ne na ƙarshe da ya bayyana. Akwatin bai gasa komai ba, ɗumi kawai ya yi, ƙullun kuwa da ya ji ɗumi ga yis fakiti biyu, sai ya tashi ya ɓalle murfi ya kwararo. A cikin lalube Kwamanda ya faɗa ciki da hannu biyu. Ga shi nan a durƙushe, ƙullu har kafaɗa, wani a gemu, wani ya haɗiye lambobin yabo.

Shugaban 'yan kwana-kwana, wani dogon mutum mai furfura, ya zo ya zagaya tirelar. Ya leƙa bututu, ya shinshina tanki, sai ya dafa gwiwa ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi.

"Wa ya kawo wannan nan? Rabona da ganin irinta tun ina soja. Injin hayaƙi ne! Shi ake kunnawa in ana so a ɓoye runduna kada abokan gaba su gan ta. Akwatin nan na ajiye sifana da kayan gyara ne. Wa ya zuba masa ƙullu?"

Duk filin ya juya ya kalli mutum ɗaya.

Kwamanda ya miƙe, ƙullu yana bin sa kamar cingam. Ya yi ƙoƙarin sarawa, hannun ya ƙi rabuwa da akwati.

"Abin da na faɗa ke nan tun farko."

"Ka ce igwa!" in ji mai walda.

"Ka ce tanderu!" in ji tela.

"A yaren soja, in an ce burodi, hayaƙi ake nufi. Ku tambayi ofisa. Kuma ku faɗi gaskiya, akwai wanda ya ga wani a cikinku? To wa ya gyara ta har ta yi wannan aikin?"

"Ni," in ji bakanike.

"A ƙarƙashin umarnina."

Daga benci wata 'yar aji ɗaya ta ɗaga murya ta ce, "To ina burodinmu?" Sauran suka ɗauka, fili ya amsa gaba ɗaya, "Ina burodinmu! Ina burodinmu!" Hedimasta ya saki sandar rumfa ya aika a kwaso duk burodin da ke kantunan layin, ya ce a rubuta da sunan Kwamanda.

Jami'in ilimi ya matse gefen rigarsa, ya karɓe takarda daga hannun mai aski, wanda ya sake ta da ƙyar yana cewa har ya fara sabawa. Ya tambaya wace ce malamar. Malama ta fito a hankali, ɗankwalinta yana ɗiga, idonta a ƙasa.

"Wancan mutumin," in ji jami'in yana nuna ƙullu, "kin san shi?"

Ta dubi ƙullun kamar tana lissafin ko akwai wata amsa. "Mijina ne, ranka ya daɗe."

"Gida ɗaya kuke kwana, ku tashi?"

"Eh, ranka ya daɗe."

"Kuma kullum kina zuwa aiki a kan lokaci, da hankalinki?"

"Ina ƙoƙari."

Ya miƙa mata takardar da hannu biyu. "Malama, mataimakiya ta yi miki kaɗan. Ki fara da wannan tukuna."

Aka yi tafi, wanda ya fi kowa tafi kuma Iya ce. Shugaban 'yan kwana-kwana ya ce su dama suna neman irin wannan inji don koya wa sababbin ma'aikata shiga hayaƙi, in mai shi ya yarda za su tafi da shi yanzu. Kwamanda ya buɗe baki zai ce sai ya yi shawara, Malama da Iya da bakanike suka amsa tare, "Ya yarda."

Suna cikin maƙala tirelar a bayan motarsu, Malama ta leƙa ƙofar makaranta. Titi ya cika maƙil. Masu shaguna, direbobi, mai keken da ke neman kekensa, matan layi a kan katanga, kowa yana jiran ya ga fitowar mai burodi da iyalinsa. Wasu har sun ɗaga waya. Ta dubi taron, ta dubi mijinta da ke tsaye yana ɓanɓare ƙullu daga gemu, ta dubi nisan da ke tsakaninsu da gida.

Ta je wurin shugaban 'yan kwana-kwana ta rage murya.

"Ranka ya daɗe, kafin ku tafi da ita, akwai sauran mai a tankin?"

"Akwai kaɗan, Malama."

"Don Allah a sake kunna ta. Ba da yawa ba. Iyakar daga nan zuwa ƙofar gidanmu."

Kwamanda ya ji. Ya juya ga mai aski da tela da mai walda, ya buga ƙirji, ƙullu ya yi tsalle.

"Kun ji da kunnenku ko? Tun ba a je ko'ina ba har an fara neman aikina."